Babi na Tara: Garin da Ruwa Ya Gina, Ya Kuma Binne

Daga tashar motocin Denizli, a kudu maso yammacin Turkiyya, ƙananan bas-bas ne ke kwasar mutane zuwa ƙauyen Pamukkale, tafiyar da ba ta wuce kilomita 20 ba. Tun ana cikin ratsa gonakin kwarin kogin Çürüksu ake hango gefen tsauni ya yi fari fat, tsakanin koren gonaki a ƙasa da busasshen tudu a sama. Baƙon da ya zo da bazara, zufa na keto masa, yakan tsaya yana mamakin yadda ƙanƙara ta ƙi narkewa. Wani kuma ya ce ai gishiri ne. Ba ko ɗaya. Dutse ne, ruwa ne ya ajiye shi a wurin, kuma har gobe bai daina ajiyewa ba. Tsawon farin tudun ya kai mita 2,700, faɗinsa mita 600, tashinsa sama kimanin mita 160.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Ruwan sama da ke sauka a tsaunukan yankin yana nutsewa can cikin ƙasa, inda zafin ƙasa ke ɗumama shi, iskar kabon dayoksaid kuma ta cakuɗu da shi har ya samu ƙarfin narkar da dutsen farar ƙasa da yake ratsawa. Daga nan sai ya biyo tsagar da ke jikin ƙasa ya ɓuɓɓugo a saman tudu, da ɗumin da ya kai digiri 35, wato ya ɗara na Wikki da ke Yankari da 'yan digiri kaɗan. Da zarar ya sha iska, kabon ɗin ya fice, sai ruwan ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko, dole ya sauke. Abin da ya sauke ɗin yakan fara ne da farin taɓo mai laushi, a hankali ya daskare ya koma dutse. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar butar mai shayi, wadda ta daɗe tana dafa ruwan rijiya, ya ga farin ɓawon da ke manne a gindinta, to ya riga ya ga Pamukkale a taƙaice. Bambancin kawai shi ne wannan butar ta shekara dubbai a kan wuta.

Su kuwa tafkunan nan masu hawa-hawa da suka sa wurin ya yi suna, ruwan da kansa ne magininsu. Inda ya samu ɗan tudu ko ƙaramin abin da ya tare shi, yakan yi siriri ya ƙara gudu a daidai bakin wurin, iskar da ke cikinsa ta fi saurin fita, don haka ajiyar ta fi yawa a nan. Bakin sai ya yi ta tashi har ya zama katanga, ruwa ya taru a bayanta, ya cika, ya malala, ya fara gina wata a ƙasa. Haka aka samu ɗaruruwan kwaruruka, kowanne na zuba wa na ƙasa da shi, ruwan cikinsu shuɗi-shuɗi saboda farin gindin da ke mayar da hasken rana.

Ƙofofin shiga uku ne. Motocin 'yan yawon buɗe ido sun fi sauke mutane a ƙofar kudu, a can sama, su ba su awa biyu su ce a dawo mota. Shawarata ita ce mutum ya shiga ta ƙofar ƙasa, wadda ke bakin ƙauye, ya hau da ƙafarsa. Daga inda farin dutse ya fara, doka ce a cire takalmi, babba da yaro, mai kuɗi da talaka, a riƙe shi a hannu ko a jefa a jaka. Akwai masu gadi da usur a baki, kuma ba sa jin nauyin busa wa kowa. Dutsen bai kai santsin da ido ke zato ba, domin fuskarsa duk ƙananan kunyoyi ne da gudun ruwa ya zana, suna ɗan cizon tafin ƙafar da ta saba da safa. Inda ake faɗuwa shi ne cikin tafkuna, wurin da farin taɓo ya kwanta. Da hunturu dutsen kan yi sanyin da zai sa mutum ya riƙa neman kwatar ruwan ɗumi da ke bin gefen hanya don ya tsoma ƙafa. Da bazara kuwa hasken da ke tashi daga ƙasa ya ishi ido azaba, sai da baƙin tabarau. Wanda ya zo da iyali kuma ya san cewa Turawa da yawa kan hau tudun da kayan wanka kawai; fitowar sassafe tana rage wannan, tana rage cunkoso da zafin rana gaba ɗaya.

Akwai wata gaskiya da takardun talla ba sa faɗa. Hanyar nan da ake hawa, tsohon titin mota ne. Daga shekarun 1960 aka fara gina otal-otal a saman tudun, a kan kufan tsohon birni, aka janye ruwan maɓuɓɓuga zuwa wuraren wankan baƙi, aka shimfiɗa kwalta ta ratsa tsakiyar farin dutse. Mutane na shiga da takalma, suna wanka da sabulu a cikin tafkunan. Dutsen da aka hana wa ruwa mai tsabta ya fara dishewa, wani wuri ya yi toka-toka, wani ya koma ruwan ƙasa. Bayan hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan gadon duniya a 1988 ne aka ɗauki gyara da gaske: aka rushe otal-otal ɗin, aka rufe titin, aka gina tafkunan siminti a kansa aka sakar musu ruwa. Yau farin dutse ya lulluɓe simintin har ba a gane shi, kuma a cikin waɗannan ne baƙi ke tsoma ƙafa suna ɗaukar hoto. Tafkunan asali an killace su, sai dai kallo daga kan dakalin katako.

Kuma ba kullum suke da ruwa ba. Ma'aikata ne ke juya ruwan ta kwatoci, yau a buɗe wa wannan sashe, bayan wani lokaci a rufe a buɗe wa wancan, domin idan ruwa ya daɗe yana kwance a wuri ɗaya gansakuka na fitowa ta ɓata farin, idan kuwa aka bar wurin ya bushe rana na gasa shi ya ƙara haske. Saboda haka wanda ya zo da hoton kalanda a kansa, yana jiran ya ga kowace ƙwarya cike fal, zai tarar da yawancinsu a bushe, ya koma yana cewa an yaudare shi. Ni ban ga yaudara a nan ba. Wurin da mutum sama da miliyan 2 ke tattakawa a shekara mai albarka, in ba a yi masa irin wannan lallami ba, da tuni ya zama labari.

Mafi yawan baƙi iyakarsu ke nan: su hau, su jiƙa ƙafa, su sayi askirim, su juya. Asarar da suke yi ba ƙarama ba ce, domin a bayan dakalin katakon nan birni guda ne kwance, Hierapolis, kuma labarinsa da na farin tudun ba sa rabuwa.

Sarakunan Pergamon ne suka raya garin a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ruwan ɗumin ne ya jawo su. A shekara ta 133 kafin miladiyya sarkinsu na ƙarshe, Attalus na Uku, ya mutu ya bar wasiyyar cewa Rumawa su gaji ƙasarsa, Hierapolis ta shiga hannun Rum. Sai dai tsagar ƙasar da ke fito da ruwan ita ce kuma ke kawo girgizar ƙasa. Ta girgiza garin a shekara ta 17 miladiyya, zamanin sarki Tiberius, ta sake rugurguza shi a shekara ta 60, zamanin sarki Nero. Kusan duk abin da ido ke gani a yau ginin bayan wannan ne. Babbar ƙofar arewa mai baka uku da hasumiya biyu, gwamnan lardin Asiya, Julius Frontinus, shi ya gina ta wajen shekara ta 84 zuwa 86 don girmama sarki Domitian. Wannan Frontinus ɗin daga baya shi aka naɗa shugaban ruwan birnin Rum, ya kuma rubuta littafi a kan magudanan ruwanta wanda har yau injiniyoyi ke karantawa. A gefen ƙofar akwai bayin jama'a, dogon ɗaki mai jerin ginshiƙai a tsakiya, da kwatar ruwa da ke wucewa ta ƙarƙashin mazauna. Mai shigowa gari daga tafiya, abin da ya fara tarar da shi ke nan, kuma duk wanda ya san tashoshin motarmu zai yaba wa wanda ya yi wannan tunani.

Daga ƙofar, babban titi mai faɗin mita 14 ya miƙe ya ratsa gari. Lokacin da masu haƙar kayan tarihi na Italiya, waɗanda suka fara aiki a nan a 1957 ƙarƙashin Paolo Verzone, suka zo tono shi, ba ƙasa suka tarar a kansa ba, dutse ne mai kauri, sai da aka sa injin fasa dutse. Bayan mutane sun watse babu mai gyaran kwatoci, ruwa ya bi titi yadda ya ga dama, ya yi masa abin da yake yi wa gefen tsauni. A bakin tudu akwai kaburbura da farin dutse ya haɗiye har wuya, rufinsu kawai ke leƙe. A cikin filayen kuma za a ga wasu dogayen katangu sirara suna lanƙwasa kamar ba su da manufa. Tsofaffin kwatocin ban ruwa ne: ruwa ya yi ta ajiya a gindinsu da gefensu, suna tashi sama da kansu, har kwatar da aka haƙa a ƙasa ta koma tana gudu a kan katangar da ba wanda ya gina.

Arzikin garin ma daga ruwan ya fito. Strabo, masanin ƙasa na Girkawa da ya rayu a zamanin sarki Augustus, ya rubuta cewa ruwan Hierapolis yana kama rini ƙwarai, har ulun da aka rina da saiwar tsiro yana gogayya da wanda aka rina da shunayya mai tsada. Shunayyar wancan zamani daga jikin dodon koɗin teku ake tatso ta, kuma sai sarakuna da manyan attajirai ke iya sayen tufar da aka rina da ita. Marinan Hierapolis sun samu hanyar yin mai kama da ita a farashin da ɗan kasuwa zai iya ɗauka. Rubuce-rubucen da ke jikin duwatsun garin suna ambaton ƙungiyoyin marina, da na masu wankin ulu, da na masaƙan darduma, kowace da shugabanninta da asusunta. Har yau Denizli garin masaƙu ne, tawul da zanen gadonta na zuwa kasuwannin duniya, ba mamaki ma mai karatu ya taɓa goge fuska da ɗaya bai duba takardar jikinsa ba.

Wanda yake son ya san mutanen garin, sai ya nufi maƙabartar arewa, wadda ta bi gefen hanya kusan kilomita 2, da kaburbura sama da 1,200: akwai masu siffar ɗaki, akwai tudun ƙasa mai ɗaki a ciki, akwai akwatunan dutse da aka ɗora a kan dakali. 'Yan rakiyar baƙi suna son cewa marasa lafiya ne da suka zo neman waraka suka mutu a nan. Wataƙila akwai irinsu, amma duwatsun sun fi ba da labarin 'yan gari da sana'o'insu. Ga kabarin wani falke, Flavius Zeuxis, wanda ya sa aka rubuta a saman ƙofarsa cewa ya kewaya tsinin Malea, a kudancin Girka, zuwa Italiya har sau 72. Masu jirgin ruwa na tsoron wannan tsini saboda haukan iskarsa, shi ya sa mutumin bai ga abin da ya fi cancanta a tuna shi da shi ba. Wasu sun bar kuɗi a hannun ƙungiyar marina da sharaɗin a riƙa zuwa kowace shekara ana ƙawata kabarinsu da furanni. Da yawa kuma sun rubuta tarar da za a ci duk wanda ya kuskura ya binne wani a wurinsu. Akwai kaburburan Yahudawa a tsakanin na maƙwabtansu, wasu da zanen fitila mai rassa bakwai.

A nan ne kuma aka samu murfin akwatin gawar Marcus Aurelius Ammianos, na ƙarni na 3 miladiyya, mai ɗauke da zanen da masana tarihin ƙere-ƙere ke ji da shi. Zanen ya nuna wili da ruwa ke juyawa, an haɗa shi da sanduna biyu da ke tura zarto gaba da baya yana yanka dutse. Wannan dabarar ta mayar da juyi ya koma kai-da-kawo, ita ce kanikawa ke gani kullum a cikin injin mota, kuma ba a san wani zane nata da ya girmi wannan ba.

Abin da ya fi komai ɗaga sunan Hierapolis a zamanin da, wani ɗan kogo ne kusa da ɗakin bautar gunki Apollo, wanda mutanen lokacin suka ɗauka ƙofar lahira ce, suka sa masa sunan Pluto, gunkinsu na matattu. Strabo ya je da kansa. Ya ce akwai fili da aka kewaye a gaban kogon, cike da wani tururi, duk dabbar da ta shiga sai ta faɗi matacciya. Ya ce shi ma ya jefa 'yan tsuntsaye, nan take suka mutu. Bijimai ake shigarwa su zube, amma matsafan wurin, waɗanda babanni ne masu bautar gunkiya Kibele, sukan shiga har bakin kogon su fito lafiya. Jama'a na zaune a kan matakalai suna kallo, suna ganin abin al'ajabi. Strabo dai bai sakankance ba, domin ya lura da alamar suna riƙe numfashi.

Wurin ya ɓace ƙarnoni da yawa bayan Kiristoci sun toshe shi, sai a 2013 Francesco D'Andria, shugaban masu haƙa na Italiya a lokacin, ya sanar da cewa an gano shi. Tsuntsayen da ke zuwa neman ɗumi suna faɗuwa matattu a bakinsa suna cikin abin da ya tabbatar musu. Daga baya wani masani Bajamushe, Hardy Pfanz, ya auna iskar wurin tare da abokan aikinsa, suka buga sakamakon a 2018. A cikin kogon kabon dayoksaid ya kai kashi 91 cikin 100. Iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, don haka kwanciya take yi a ƙasa. Da dare takan taru ta yi kauri a filin, ta fi ƙarfi da asuba, rana na fitowa ta tarwatsa ta. Sa mai tafiya da hanci kusa da ƙasa yana cikinta tsundum, da ya fara jiri kansa ya ƙara sunkuyawa, shi ke nan. Mutumin da ke tsaye kuwa hancinsa na sama da ita. Ko matsafan sun san dalili ko ba su sani ba, sun san lokacin da za a yi yanka da inda za a tsaya, kuma wannan ya ishe su ci da sana'ar. Mutanen Kamaru sun san wannan iska da mummunan sani: ita ce ta taso daga tafkin Nyos a daren 21 ga Agusta 1986, ta bi kwari ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu, yawancinsu suna barci. Ita ce dai kuma iskar da ficewarta daga ruwa ke haifar da farin tudun da ake ɗaukar hoto a kai, 'yan ɗaruruwan mitoci daga bakin kogon.

Kusa da nan akwai tafkin da ake kira na Kiliyofatara, inda ake biyan kuɗi daban a yi iyo a ruwa mai ɗumin digiri 36, a kan ginshiƙan marmara da girgizar ƙasa ta ƙarni na 7 ta kayar a ciki. Babu wata hujja da ta nuna sarauniyar Masar ta taɓa taka garin. Sunan na 'yan kasuwa ne. Ginshiƙan dai na gaske ne, kuma suna fasa gwiwar wanda bai kula ba.

Dandalin wasan kwaikwayo yana jingine da tsauni a sama da gari, hawansa da ɗan wuya amma ya biya. Ginin zamanin sarki Hadrian ne, aka sake ƙawata shi a zamanin sarki Septimius Severus, yana ɗaukar mutum 10,000 ko fiye. Bangon bayan dandalin, da ginshiƙansa da sassaƙen Apollo da Artemis, an sake tayar da shi da duwatsunsa na asali. A ƙarni na 4 har gyara tsakiyarsa aka yi yadda zai riƙe ruwa, don wasannin cikin ruwa da suka shigo yayi a lokacin. Can sama da shi, a wajen ganuwa, akwai kangon wani gini mai kusurwa takwas na ƙarni na 5, wanda aka yi don tunawa da Filibus, almajirin Annabi Isa, da riwayar Kiristoci ta ce a nan aka kashe shi. A 2011 D'Andria ya ce ya gano kabarin da masu ziyara na da suke ɗauka nasa ne, a cikin kufan wata majami'a da ke kusa. Garin ne kuma mahaifar Epiktetus, wanda aka haifa bawa wajen shekara ta 50, aka kai shi Rum, ya samu 'yanci, ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman falsafar haƙuri da mallakar zuciya. Babu abin da ya rage a Hierapolis da za a nuna a ce nasa ne. Bawa ba ya barin dutse mai rubutu. Garin da kansa ya yi ta raguwa bayan girgizar ƙarni na 7, ya koma ƙauye, Turkawan Saljuk suka karɓe yankin, zuwa ƙarni na 14 babu kowa. Kayan da aka tono suna cikin tsohon gidan wankan Rumawa, wanda aka mayar gidan tarihi.

Mai sauran ƙarfi a ƙafa yana da wurare biyu a kusa. Karahayıt, kilomita 5 arewa, nan ne otal-otal suka koma. Ruwanta ya fi zafi, kuma ƙarfen da ke cikinsa ya sa abin da yake ajiyewa ja ne da ruwan ɗorawa. Turkawa masu ciwon gaɓoɓi sun fi zuwa can su kama ɗaki na mako guda, su bar wa baƙi farin tudu. Ɗayan kuma Lawudikiya ce, wadda allunan hanya ke rubutawa Laodikeia, a kan hanyar komawa Denizli, tsohuwar kishiyar Hierapolis a cinikin ulu. Ita ba ta da maɓuɓɓuga a cikin gari, daga kudu ake jawo mata ruwa ta bututun dutse da na yumɓu, kuma ana iya ganin guntayen bututun da farin ɓawo ya cike cikinsu har ramin ya tsuke. A 2015 masu haƙa ƙarƙashin Celal Şimşek na jami'ar Pamukkale suka fito da wani allon marmara na shekara ta 114 miladiyya, ɗauke da dokar ruwan garin. Ta haramta gurɓata ruwa, da fasa bututu, da jan ruwan jama'a zuwa gona ko gida ba da izini ba, ta kuma yanka tarar da ta kai dinari 12,500, a zamanin da albashin sojan Rum na shekara guda dinari 300 ne.